Wadda Aka Cire Daga Hoto

"Zulfa, don girman Allah ki ce mata ta bar kular nan a mota..."

Al'amin ne ya raɗa mini haka a bakin ƙofar gidan tarihin jiragen sama, yana wani murmushi da bai kai ciki ba. Na waiga na kalli Innata. Tana can baya, ta rungume kular abinci kamar jinjiri, mayafi ya rufe mata rabin fuska.

"Dambun nama ne da alkaki," na ce. "Tun daga Misau ta taho da su saboda Maminka."

"Na sani, hayati, rayuwata. Amma ki duba wurin mana. Kuma malamina yana ciki yana jiranmu."

"To sai me?"

"Khalas... bar shi kawai."

Na bar shi, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ni ɗaliba ce a Alƙahira, ina zaune a Madinat Nasr tare da wasu 'yan matan gida. Al'amin kuwa tuƙin jirgi yake koyo, gidansu yana Zamalek, unguwar masu hali, mahaifinsa yana aikin jakadanci. Ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Shi ne wanda yake ratso cunkoson garin nan a tsakiyar sanyi don kawai ya kawo mini koshari mai zafi, abincin Misrawa na shinkafa da taliya. Shi ne ya taɓa dafa ƙirji ya ce ranar da ya zama kyaftin, da hannunsa zai tuƙa Innata zuwa Makka.

Da Inna ta zo ganin likitan gwiwa, sai ya ce ga dama ta samu, iyayenmu mata su ga juna kafin maza su shiga maganar aure. Shi ya zaɓi wurin, wai yana so Inna ta ga duniyarsa.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Inna Sabuwa. Bafulatana ce ta gaske, ni kuma 'yar farinta ce. Tun da ta haife ni bakinta bai taɓa furta sunana ba. "Ke" ce ni, in kuma a gaban mutane ne, "waccan". Ba ta jerawa da ni a hanya, ba ta zama kusa da ni a taro, in aka yabe ni sai ta tashi ta bar wurin. Yau kuma ga kunyar suruki ta hau kan kunyar 'yar fari. Duk wannan na yi wa Al'amin bayaninsa tun tuni. Dariya ya yi lokacin, ya ce kakarsa ma haka take da babansa, ya ce abin yana burge shi.

Ƙamshin turare ne ya riga Hajiya Lauratu, mahaifiyar Al'amin, isowa. Ta fito daga mota cikin leshi da gilashi, ta tsaya tana fifita da hannu.

Inna ta ajiye kula ta rusuna har ƙasa, da gwiwar nan tata mai ciwo.

"Sannu Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jiki?"

Kan yatsu ta miƙa mata. Kafin Inna ta gama miƙewa, Hajiyar ta buɗe jaka, ta matso ruwan wanke hannu, ta murza shi a gabanmu kamar wadda ta taɓa ɗanyen kifi. Na kalli Al'amin, shi kuma ya kalli agogonsa.

"Kawo jakar in riƙe miki, Hajiya," in ji Inna. "Kada ta dame ki."

Karamci ne irin na gida, wanda ake cewa a'a na gode. Hajiya Lauratu ta miƙa mata jakar, ta ɗora mata gorar ruwa a kai.

Haka muka shiga. Su a gaba, ni a tsakiya, Inna a baya da kula a hannu ɗaya, jakar wata a ɗayan.

Wurin ba shi da girma. Zaure ɗaya ne mai ƙananan jiragen kwaikwayo da tsofaffin kakin matuƙa a cikin gilashi, sai fili a baya inda aka jera jirage na gaske da suka daina tashi. Tattabaru sun mayar da fukafukansu masai, ga warin tsohon mai da rana ta dafa. Amma Al'amin sai rawar jiki yake kamar ya shiga Aljanna.

Wani dattijon Bamisre mai furfurar gashin baki ya taho da hannu a buɗe.

"Ahlan, ya Amin!"

Kyaftin Mu'tasim ke nan, malaminsa na tuƙi. Al'amin ya gabatar da mu cikin Larabci. Ga mahaifiyata. Ga wadda zan aura. Inna kuwa ya tsallake ta, bai gabatar da ita ba.

Na ce a raina mantuwa ce, ɗoki ne ya ɗebe shi.

Kyaftin ya zaga da mu har gaban wani tsohon jirgin fasinja da ake barin mutane su hau. Inna ta tsaya a gindin matakala. Ba gwiwa ce kaɗai ta tsayar da ita ba, ba za ta iya cusa kanta cikin matsatsin wuri ɗaya da suruki ba. Kyaftin ya dube ta da tausayi, ya ce wa Al'amin, "Haram, rana ta yi zafi. Ka ce wa mai aikinku ta zauna a inuwa."

Daada ya ce. Haka suke kiran matan da suke aikatau a gidajen masu hali, kuma da yawansu baƙaƙe ne irinmu. Ban ga laifinsa sosai ba. Ya ga mace a baya ɗauke da kaya, ba wanda ya gabatar da ita.

Na jira Al'amin ya gyara.

"Tamam, ya Kaftin," ya ce, wato to, shi ke nan.

A cikin jirgin na finciko hannun rigarsa. Kujerun sun sha dauɗa, wani ya manna cingam a jikin taga, iskar ciki kamar ta tsohon akwati.

"Ka ji abin da ya kira ta?"

"Shhh... bai san komai ba ne. Zan gyara daga baya."

"Yaushe?"

"Ƙalbi, zuciyata, don Allah. Ba yanzu ba."

Na haɗiye. Wallahi na haɗiye, saboda ina sonsa, kuma ina so yinin nan ya ƙare lafiya.

Da muka sauko, Kyaftin ya karɓi wayar Al'amin ya ce mu tsaya a gaban hancin jirgin ya ɗauke mu hoton iyali. Na tafi inuwa na kamo hannun Inna.

"Ke, sake ni. Ku yi abinku."

"Inna, hoto ɗaya ne."

Da ƙyar ta biyo ni, ta tsaya a can gefe, kanta a ƙasa, har yanzu da kayan a hannu. Kyaftin ya ɗaga waya, ya sauke. Ya yi mata nuni da hannu cikin ladabi, ta ɗan matsa waje.

"Na iyali tukuna," ya ce. "Sai a yi wani da ita." Ya juya ga Al'amin yana murmushi. "Daga ƙasarku kuka taho da ita? Ta daɗe a wurinku?"

Na zuba wa bakin Al'amin ido.

"Aiwa," ya ce, wato eh. "Ta daɗe."

Hajiya Lauratu, wadda ta shekara da shekaru a garin nan tana jin Larabci sarai, ta yi wata 'yar dariya ta gyara gilashi.

"Hajiya Sabuwa, ɗan koma inuwa mana. Rana tana dukanki."

Inna ta juya za ta tafi.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba.

"Di ummi!" na ce wa Kyaftin. "Wannan uwata ce. Ita ta haife ni!"

Fuskar dattijon ta yi ja har kunne. Ya dubi Al'amin, ya dubi Inna, ya dafe ƙirji ya nufe ta yana ta jero ban haƙuri. "Ma'alish, ya Hajja... ki yafe mini, wallahi ban sani ba!" Ya karɓe jakar da gorar daga hannunta, ya dangwara su a hannun Al'amin.

Al'amin ya ja ni bayan fiffiken jirgin, jakar uwarsa tana lilo a hannunsa.

"Kin san abin da kika yi? Kin tozarta ni a gaban malamina!"

"Ni na tozarta ka?"

"Magana ce ta wuce! Ita ba ta ma ji ba, ba ta jin Larabci!"

"Ni na ji."

"To ya kike so in yi? Dubi shigarta, Zulfa. Silifas ne fa a ƙafarta! Ta ƙi jerawa da mu, ta kwashi kaya ta koma baya. Kowa ya gan ta abin da zai ɗauka ke nan."

"Kowa, amma ban da kai. Kai ka san dalilin da ya sa take baya. Kai ka ce mini kakarka ma haka take."

Ya kawar da kai.

"Kunyarka take ji, Al'amin. Girma ta ba ka. Kai kuma ka ɗauki girman ka mayar da ita 'yar aikin gidanku."

"Habibti..."

"Kada ka ƙara kirana haka!"

Ya matso zai riƙe hannuna. Turaren jikinsa ni na saya masa, da kaina na zaɓa, amma da ya bugi hancina sai na ja da baya. Na kalli fuskar nan da nake kwana ina tashi da ita a raina, na ga gumi yana tsattsafowa a saman leɓensa, idonsa yana satar kallon inda Kyaftin yake. Ko a lokacin ba Inna yake tunani ba. Ƙyamarsa ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji game da wani ɗan Adam ba.

"Ka ce za ka tuƙa ta zuwa Makka," na ce. "A ina za ka zaunar da ita? Wurin kaya?"

A wuyana akwai sarƙar azurfa mai ɗan ƙaramin jirgi, kyautarsa ta farko gare ni. Na ɓalle ta. Na ɗora ta a kan fiffiken, a tsakiyar kashin tattabarun.

"Yanzu a kan wannan ɗan abin?" Hajiya Lauratu ce ta leƙo, ta taɓe baki. "Yarinya, ki yi wa kanki faɗa. Al'amin, yalla, mu tafi. Kaina ya fara ciwo."

Ya tsaya kamar zai yi magana. Na ba shi dama, Allah ya sani na ba shi. Da ya taka ya je gaban Inna ya durƙusa, da wataƙila labarin nan ya canza. Sai ya ɗauki sarƙar da kan yatsu, ya goge ta da hankici, ya bi bayan uwarsa.

Na samu Inna a kan benci ƙarƙashin inuwar wani jirgi, kula a cinyarta. Na zauna a ɗaya ƙarshen, kamar yadda muka saba. Hawaye suka ƙwace mini.

"Ke, mene ne?"

"Ba komai, Inna."

"Ba sai na ji yarensu ba. Na ga hannun da aka nuna mini, na ga yaron ya sunkuyar da kai." Ta gyara mayafi, idonta a kan silifas ɗinta. "In don ni ce, ki bi shi ki ba shi haƙuri. Ni kwana nawa zan yi a garin nan? Zan koma gidana. Ke ce za ki zauna da shi."

"Shi ya sa ba zan iya ba."

"Kina sonsa."

"Ina sonsa, Inna..." Kuka ya ci ƙarfina. "Amma duk ranar da na kalle shi, bakin nan zan gani yana cewa ta daɗe a wurinmu."

Ta daɗe tana shafa murfin kular.

Kyaftin Mu'tasim ya matso a hankali, kamar mai tsoron a kore shi. Ya ce in ba za mu damu ba, in ba shi wayata ya ɗauke mu hoto, ni da Hajja, a gaban jirgin. Ya ce ba zai samu sukuni ba in bai yi ba.

Na fassara wa Inna, na riga na san amsar. A duk hotunan gidanmu babu ko ɗaya da muke ciki tare.

Sai na ga ta buɗe kular, ta ciro ƙullin alkaki da na dambu, ta miƙa wa dattijon da hannu biyu.

"Ki ce masa ya kai wa iyalinsa."

Ta dafa benci ta miƙe. Tana ɗingishi ta taka har gaban hancin jirgin, daidai inda Hajiya Lauratu ta tsaya ɗazu. Ta janye mayafin daga fuskarta. Ni kuwa na je na tsaya a can gefe, na bar tazarar da na saba bari tun ina ƙarama.

Kyaftin ya ɗaga waya.

Inna ta juyo ta dube ni ido cikin ido. Leɓenta ya motsa sau ɗaya babu sauti, kamar mai gwada kalmar da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Sannan ta miƙo hannu.

"Zulfa'u," ta ce. "Matso kusa da ni."

Hoton bai yi kyau ba. Idanuna sun kumbura, bakina a buɗe ina kuka, ga tattabara ta gifta a saman kanmu. Shi ne a fuskar wayata har yau.