Kwastomomin Aro

Farantin kifi ne ya haɗa su. Ta shiga gidan abincin da rana tsaka yunwa na cin ta, ta kai loma ɗaya baki, ta ajiye cokali, ta yafito mai kawo abinci.

"Don Allah ka mayar. Cikinsa bai dahu ba."

Ba a jima ba sai ga wani dogon saurayi ya fito daga kicin da farar hular masu girki, farantin a hannunsa, fuska a murtuke. Da niyyar faɗa ya fito. Yana haɗa ido da ita faɗan ya bi iska.

"Ke ce hukumar da ta yanke wa kifina hukunci?"

"Ni ce. Yanka tsakiyarsa ka gani."

Ya yanka, ya gani, ya sosa ƙeya. Ya koma ya dafa wani da hannunsa, ya ce kyauta ne. Ta ce ba ta cin kyauta, ta biya kuɗinta cif. Lambar wayarta kuwa sai da ta ja masa aji yadda ya kamata kafin ya samu.

Daga ranar ya raɗa mata Hukuma, ita kuma ta ce ba ta san wani suna ba sai Kuku.

"Hukumata, yau kifi ya dahu har ƙashi, amma ba wanda ya dawo mini da shi. Aikin bai yi armashi ba."

"Kuku na, ka dage. Hukuma ba ta sanar da ranar zuwanta."

Soyayya ta yi nisa, har ya zo ya gaida Ummanta. A banki take aiki, sashen da ke auna kamfani kafin a ba shi rance: nawa ake bin sa, nawa yake samu, zai iya ɗauka ko zai durƙushe. Shi kuwa ɗan mai kamfanin gidajen abincin ne. Rassa uku gare su, kuma duk garin an san Baban nasa da buɗaɗɗen hannu da taurin kai.

Wata safiya aka ajiye mata fayil a tebur. Tana buɗewa ta ga sunan da ke kai. Kamfanin su Kuku ne. Baba na neman sabon rance zai buɗe reshe na huɗu, kuma gidan da suke zaune ya sa jingina.

Ta duba lissafin, ta sake dubawa. Bashin da ke kansu ya ninka ribar shekara sau shida, alhali da zarar bashi ya wuce sau uku banki ke fara ɗari-ɗari. Hujjar Baba ɗaya ce: wai sabon reshensu na bakin titi ya fara cika maƙil, riba za ta ninka. Dole a je a gani da ido.

Ba ta yi ƙasa a gwiwa ba ta sami Manaja, ta gaya masa tsakaninta da ɗan gidan.

"Kin kyauta da kika faɗa," in ji shi. "Amma ba ni da wanda ya san harkar abinci kamar ki. Ku je da abokin aikinki, ku biyu za ku sa hannu."

Abokin aikin nan shi ne wanda ofis ke kira Ɗan Ƙwalisa, saboda turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Ya taɓa neman ta, ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ita ta san akwai komai.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Umma na jin labarin ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Gidan bashi za ki shiga? Ni ban haife ki don ki je ki riƙa ɓoye wa masu bin bashi a bayan ƙofa ba."

"Umma, shi ba ruwansa."

"In rufi ya faɗo, ba ya tambayar wa ke da ruwa."

Da yamma saƙon Kuku ya shigo.

"Hukumata, Baba ya ji ke ce za ki zo. Ya ce hankalinsa ya kwanta, tunda 'yar gida ce."

Ta daɗe tana kallon wayar. Maganar ta fi zagi yi mata nauyi.

"Kuku na, ba zan iya yin maganar aikin nan da kai ba. Ka yi mini addu'a kawai."

Ranar zuwan, suna tura ƙofar reshen bakin titi hayaniya ta tare su. Ba kujera ɗaya da babu mutum. Maza, mata, tsofaffi, farantai na ta kai-komo, ƙamshi ya cika wuri. Baba ya taso cikin fara'a ya kai su teburin da aka ware musu kusa da kantar karɓar kuɗi.

Da fari wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ashe gaskiya ne! Ashe za ta iya sa hannu ta kwana lafiya!

Sai idonta ya fara aikin da ya saba.

Ba wanda ya ɗaga takardar jerin abinci ya duba. Teburin taga na hira da teburin ƙofa, ana tsallake mutane ana tambayar jikin wata mai jego. Wani dattijo ya gama, ya miƙe, ya bi ta gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi, ya ce mata, "Ki gaida mamanki," ya fice abinsa. Na'urar karɓar kuɗin tana zaune shiru kamar an kashe wuta. Sannan ga wushiryar nan ta Kuku, ta gan ta a baki fiye da biyar.

Tana cikin haka wata tsohuwa ta kasa daurewa. Ta tashi daga kujerarta ta shiga tattara farantai, ta ƙwace tsumma daga hannun mai kawo abinci.

"Kai, haka uwarka ta koya maka goge tebur? Ba ni nan!"

Baba ya yi gyaran murya. "Hajiya, ki zauna mana, ke baƙuwa ce."

"Baƙuwa a gidan ƙanena?" Ta juyo, ta ƙare wa Hukuma kallo daga sama har ƙasa, fuskarta ta washe. Ta rage murya, irin ragewar tsofaffi da ake ji har bakin titi. "Ita ce yarinyar tamu? Tubarkalla! Ɗana ya iya zaɓe."

Cokula suka tsaya. Hukuma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗaga kai ta dubi tagar kicin. Kuku na tsaye da ludayi a hannu, ya sunkuyar da kai, ya ƙi kallonta.

A mota Ɗan Ƙwalisa ya kunna sanyi, ya gyara madubi, bai yi gaggawar magana ba.

"Kasuwa na ci, ko ba haka ba? Ni dai ban ga komai ba. Abin da kika rubuta shi zan sa wa hannu."

Ta gane tarkon. In ta rufa musu asiri, gobe labarin na teburin Manaja, aikinta da mutuncinta sun tafi. In ta faɗi gaskiya, ta kunyata mutumin da take fatan kira Baba, kuma ba mai ba ta ɗansa bayan haka.

"Wani abu kuma," ya ƙara, yana murmushi. "Yaushe suka fara shirin neman rancen nan? Yaushe shi ya fara neman ki? Haɗa lissafin, ai fanninki ne."

Wannan ce ta soke ta. Ta juya fuska wajen taga don kada ya ga idonta.

Wayarta ta yi ta ƙara, ba ta ɗauka ba. Saƙo ya biyo baya.

"Hukumata, na san ba ni da bakin magana. Ki ba ni minti biyar, daga nan ki yanke duk hukuncin da kika ga dama."

Washegari da la'asar ta same shi a ƙofar bayan kicin, wajen da ake jibge buhunan albasa da tukwanen gas. Ya rame a kwana ɗaya.

"Ka sani?"

"Na sani. Na roƙe shi, na ce kada ya yi. Ya ce in dafa ko in bar masa gidansa."

"Shi ne ka dafa."

"Na dafa. In na gaya miki, na tona wa mahaifina asiri. In na yi shiru, na cuce ki. Na zaɓi shirun, kuma na yi kuskure."

Ta kafe shi da ido. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Don rancen nan ka neme ni?"

Ya ɗago da sauri, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wallahi ranar da na fara ganin ki ban san inda kike aiki ba. Sai da muka yi nisa kika gaya mini da bakinki. Ki tuna."

Ta tuna. Gaskiya ya faɗa. Hawayen da take riƙewa suka zubo, ta share da bayan hannu.

"Zan rubuta abin da na gani, Kuku. In aka ba shi kuɗin nan, ribar ba za ta biya ko kuɗin ruwa ba. Gidanku za a ɗauka."

"Ki rubuta."

"Ba zai yafe mini ba."

Kuku bai musa ba.

Ta rubuta. Ta ce cikar da suka gani ba ta masu saye ba ce, ta ce kada a ba da sabon rance. Ta ba da shawara a rufe reshen bakin titi, a sayar da kayansa a rage bashi, a tsawaita wa sauran lokacin biya, don rassa biyun farko suna da rai. Ta sa hannu. Ɗan Ƙwalisa ya karanta har ƙarshe yana neman inda ta kauce, bai samu ba, ya sa nasa a fusace.

Saƙon da take tsoro bai daɗe ba ya iso.

"Baba ya rantse ba za ki shigo gidansa ba. Ya ce kin ci masa mutunci a gaban banki da dangi. Ban bar ki ba, Hukumata, amma ban san hanya ba."

Ta daina cin abincin kirki. Umma da ke adawa ita ce ta koma zama bakin gadonta tana shafa mata kai, ba ta ƙara cewa komai a kan gidan bashi ba.

Makonni suka shuɗe. Wata ranar hutu aka yi sallama a ƙofa. Umma ta leƙa, ta dawo da sauri.

"Tashi ki sa mayafi. Mahaifin yaron nan ne."

Ta shigo falo, ta durƙusa nesa da shi ta gaishe shi. Bai amsa da fara'a ba. Wata jakar takardu na kan cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu.

"Da kuka hana ni, na yi fushi," ya fara. "Na ce banki ba ɗaya ba ne. Aka kai ni wajen wani mai ba da rance, ya ce a ranar zai ba ni, ba sai an je an duba komai ba. Na ɗauki takardun gidana na tafi."

Ta ɗago kai da sauri. "Ka sa hannu?"

"Na ɗauki biro." Ya girgiza kai. "Mutumin nan bai tambaye ni me nake dafawa ba. Bai tambaye ni mutum nawa ke shigowa ba. Gidana ya yi ta tambaya. Ɗaki nawa ne? Akwai rijiya? Titin gaban an zuba kwalta? Har ya ce bishiyar tsakar gidan za ta yi wuyar sarewa. Ina zaune a gabansa yana rabon gidan da na binne ƙuruciyata wajen gina shi."

Ya shafa jakar a hankali.

"Sai na gane shi so yake in faɗi. Ke kuwa da kika hana ni, so kike in tsaya. Na ajiye masa bironsa."

Ta sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace mata.

"Jiya na rufe reshen bakin titi da hannuna. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba." Ya juya wajen Umma. "Hajiya, na zo da kunya. Ɗana na waje cikin mota, ya kasa shigowa. In ba ku fasa ba, mu ba mu fasa ba."

Umma ta dube shi, ta dubi 'yarta da ta jiƙe mayafi da hawaye.

"Ka ce ya shigo," ta ce. "Rana ta yi zafi."

Ba a yi bikin ƙarya ba. Baba ya so ya tara gari, amarya ta aika masa ta bakin ango cewa a yi daidai ƙarfi, ya yi dariya ya ce ya ji. Gwaggon nan mai tattara farantai ita ta riƙe ragamar kicin, ta hana ango taɓa ko da ludayi.

Da aka kawo ta gaban Baba don ya sa musu albarka, ya dube ta ya ce:

"Na nemi laifinki, 'yata, na nema har na gaji. Abu ɗaya nake roƙo. Duk ranar da kika ga na ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa, ki gaya mini a cikin gida, tun kafin na waje su gaya mini."

"To, Baba," ta ce a hankali.

Shi ne karo na farko da ta kira shi haka. Ya kawar da kai yana gyara hula, amma kowa ya ga idonsa.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya rufa muku asiri rufin da ba na aro ba."

Ɗakin ya amsa da amin. Kuku ya laluɓo hannunta a ƙarƙashin mayafi ya riƙe, ita ma ta riƙe nasa gam.