Ƙaramin Tsarin da Mahamane Ya Zaɓa

Ranar Alhamis ce, ana dab da magariba. Mubina ta dawo daga shagon kitso ta ɗora tukunyar miya, sai ta ji wani abu ya faɗo a kan teburin falo. Ta leƙa ta ga busasshiyar tsamiya guda, da ɓawonta. A hawa na shida suke, cikin wani dogon gini a garin Wheaton na Amurka, tagogi duk a rufe, kuma rabonta da ganin tsamiya da ɓawo tun tana Maraɗi. Kafin ta kai hannu, ta biyu ta faɗo. Mahaifiyarta Hajjo, wadda ke zaune a kan dadduma, ta dubi tsamiyar, ta dubi akwatin intanet da ke ƙiftawa a gindin bango, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mubina ta gane. A gidansu na Maraɗi akwai tsohuwar tsamiya, kuma tun kaka da kakanni babbar mace a dangi ke gaida mai ita, aljanin da ke cikinta, kowace Alhamis da magariba. Gaisuwa ce kawai, ba yanka ba hayaƙi. Da aka kawo Hajjo Amurka ta zauna da su, sai aka samo dabara: ƙanwarta ta jingina waya a jikin itacen, ta kira da bidiyo, Hajjo ta durƙusa ta gaisar. Magaribar Maraɗi azahar ce a Wheaton, lokacin da gidan ba kowa sai tsohuwa. Shekara biyu ana haka lafiya.

Sai Mahamane, mijin Mubina, ya tashi gyara. Direban motar kaya ne, mutumin da ko tumatir zai saya sai ya sa mai shago ya yi da-na-sanin fitowa. Kamfanin intanet na da tsari hawa-hawa: babba mai gudu, wanda datarsa ba ta ƙarewa, dala tamanin a wata, da ƙarami na dala talatin. Ya yi awa guda a waya yana barazanar komawa wani kamfani, har aka bar masa ƙaramin a ashirin da biyar. Kuɗin kaɗai ya tambaya, bai tambayi abin da aka rage ba. Ashe datar a aune take, kuma kokawa da ƙwallon da yake kallo su ke lashe ta kafin tsakiyar wata. Da ya ga haka, sai ya cire wayar Hajjo daga layin, wai surutun tsofaffi ke cinye masa data.

Hajjo ba ta iya buɗe baki ta roƙi suruki, kunya ba za ta bar ta ba. Ta gaya wa 'yarta. Mubina ta ce za ta yi masa magana, ta yi ta jiran ranar da zai dawo da fara'a, har Alhamis uku ta wuce ba a gaisar ba. Wannan jinkirin shi ke cin ta har yau.

Daga ranar tsamiya, kowace magariba da abin da take kawowa. Jan yashi ya riƙa zubowa daga ramin da wayar intanet ta shigo ta bango. Tsakuwa na dukan ƙofa daga ciki. Wani lokaci a ji ana daka a cikin bangon, a hankali, irin dakan macen da ba ta gaggawa. Mahamane ya ce bututun ruwa ne.

A rana ta bakwai abin ya taɓa Hairat, 'yarsu tilo mai shekara goma sha uku. Yarinya ce mai baki kamar rediyo, wadda in an yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci. Tana tsaka da ba uwarta labarin makaranta ta yi shiru, ta je ta zauna a gaban akwatin intanet, ta miƙe ƙafafu. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, da Hausar Maraɗi tsantsa.

"Hajjo, lahiya? Mi na yi maki?"

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, idonta a kan fitilar akwatin.

Aka ɗauko Malam Fatihu daga Beltsville, wani gari kusa da su, dattijo mai ƙarancin magana. Ya ji labarin tsamiya, ya girgiza kai ya ce wannan al'ada da gyara a cikinta, amma yau ba ranar wa'azi ba ce. A bakin ƙofa ya riƙe hannun Mahamane.

"Abin da ya fara nema, in ba saɓo ba ne, ka ce to. Kada ka yi ciniki da shi."

Malam ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa hula. Hairat ta yi ta murɗewa, jijiyoyin wuyanta suka tashi, daga bisani ta yi laƙwas ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ban zo da faɗa ba. Gaisuwata aka yanke, na biyo igiya in ji dalili."

"Me kake so ka bar yarinyar nan?"

"Wanda ya yanke, shi zai kai Hajjo gida da ƙahwarshi kahin wata ya mutu. Ta gaishe ni a gindina. Shi ke nan, in sake ta sarai."

Mubina ta juya ga mijinta tana jiran kalma guda. Sai ta ga leɓɓansa na motsi. Ta san wannan motsin. Tikiti biyu yake aunawa, da makonnin da mota za ta yi a ajiye.

"Baban Hairat, ka ce to," in ji ta. "Don girman Allah ka ce to."

Ya gyara zama, ya yi murmushin da yake yi wa masu shago.

"Bawan Allah, ba a yin ragi? Babu wani ɗan ƙarami da ya fi wannan sauƙi?"

Dakan cikin bango ya tsaya. Bakin Hairat ya buɗe da wata dariya marar sauti.

"Akwai ƙarami. A mayar mani da gaisuwar waya kowace Alhamis. Sauran ni zan ɗiba da kaina, kuma ko dala guda ba ta hita daga aljihunka."

"Na yarda," in ji Mahamane, kafin hannun Malam ya kai bakinsa.

Hairat ta yi atishawa uku ta faɗi. Da ta farka ta nemi ruwa da muryarta, ta rungume uwarta. Mahamane ya yi ta washe baki, har yana cewa ai kowa ma ana iya daidaitawa da shi. Malam Fatihu ya ɗauki jakarsa, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce masa, "Ba ka tambaye shi abin da zai ɗiba ba."

Rana ta goma sha ɗaya ga wata, Hairat na cewa, "Mama, kin san yau a aji," sai maganar ta yanke. Baki na motsi, babu sauti. Likitoci suka duba maƙogwaro, suka ɗauki hoton kai, ba su ga komai ba. Ranar da sabon wata ya tsaya muryar ta dawo, ta kuma ƙare tun kafin tsakiyarsa. A nan Mubina ta fahimci cewa an auna wa 'yarta magana, wata-wata, kamar yadda aka auna wa tsohuwa.

Mahamane ya koma babban tsari. Ya sayi tikiti, ya kai Hajjo har gindin tsamiya, ya durƙusa ya yi kuka. Ko ganye bai motsa ba. Malam ya sake karatu sau uku, babu wanda ya amsa, don babu kowa a jikin yarinyar. An gama ciniki, mai kaya ya tafi.

Yanzu Hairat ta iya tattali. Takan ware na malaman makaranta, ta ware na uwarta, ta bar na gaida kakarta Hajjo ranar Alhamis. Dariya ma a hankali take yinta, don ba ta san ko ana ƙirgawa ba. Uban kuwa, shekara guda ke nan bai ji ko sannu daga bakinta ba.

Wata magariba Mubina na kwashe tuwo ta ga ya tsuguna a gaban yarinyar, ƙaton mutum, idanu jawur.

"Hairat, ki ce Baba. Kalma ɗaya tak."

Yarinyar ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Sannan ta juya wajen uwarta, ta kashe kalmomi goma sha ɗaya cikin Hausa mai kyau don ta hana shi guda.

"Mama, gaya masa wannan ba ta cikin tsarin da ya zaɓa."