Hannu a Kafaɗar Malam Gambo

Hasiya tana tsakar gida tana hura gawayin dutsen guga, amma kunnenta yana zaure. Ranar ce Inuwa, saurayin da ta shekara tana so, ya zo gaida mahaifinta karo na farko. Ba a daɗe ba sai ga Malam Gambo ya shigo, fuska a murtuke.

"Yalwa," ya kira matarsa, "kin san abin da yaron nan ya yi mini? Ina tsaye da dattawan unguwa, ya taho ƙiƙam kamar soja, ya dafa kafaɗata — kafaɗata fa, Yalwa — sannan ya miƙo mini hannu. Sai ka ce tare muka yi wasan ƙasa."

"Ko rashin sani ne, Malam?"

"Wanda bai san durƙusa wa suruki ba, me ya sani? Da ma an gaya mini ba shi da kowa a Kaduna sai wata tsohuwa. Wai daga Sudan. A mayar masa da toshinsa."

Hasiya ba ta farga ba sai da ƙauri ya tashi. Dutsen gugar ya cinye wuyan rigar da za ta sa gobe zuwa firamaren Unguwar Sarki, inda take koyarwa.

Shi Inuwa makanike ne a wani gareji a Unguwar Dosa. A Bur Sudan aka haife shi, can bakin Bahar Maliya, a unguwar Hausawan da kakanninsu suka tafi aikin hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a gaɓar teku. Bayan rasuwar ubansa ne ya kawo mahaifiyarsa gida, suka kama ɗaki a Rafin Guza. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci, kuma ita ce ta fara ba Hasiya dariya kafin ta shiga zuciyarta.

Washegari ta iske shi a ƙofar makaranta, hannu duk baƙin mai.

"Ka yi mistek babba, Inuwa."

"Wallahi, Tica, gaisuwar da nake yi wa ubana ke nan. Ban san wadda ta fi ta girma ba. Bari in koma yanzu in ba shi haƙuri."

"Kada ka je. Baba itacen kirya ne, in ya kama wuta ba ya saurin mutuwa." Ta share ido da bakin gyale. "Kuma kada ka ƙara tare ni a nan. Ba zan tsaya da kai a bayan idonsa ba."

"To, kin bar ni ke nan?"

"Na ce zan jira. Kai ma ka jira."

Damina ta zo ta wuce. Hasiya ba ta kumbura fuska ba ko sau ɗaya. Ita ke kai wa mahaifinta fura shagonsa na kafinta, ita ke wanke masa hula. Sai dai zoben hannunta ya fara zamewa, Malam Gambo kuwa yana gani, yana kawar da kai.

Wata Asabar da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama, lulluɓe da farin mayafi har ƙasa, riƙe da kwando. Ta ce ita ce Tani, mahaifiyar Inuwa. Hasiya ta gudu madafa don kunya, ta laɓe bayan ƙyaure.

"Ban zo roƙo ba," in ji Tani, bayan an gaisa. "Gahawa na kawo. A inda na tashi, ba a buɗe magana sai an dafa ta. A ba ni garwashi."

Ta soya 'ya'yan gahawar, ta daka da citta, ta zuba a wani ɗan tulu mai dogon wuya da ta kira jabana. Ƙamshin ne ya fito da Malam Gambo daga ɗaki. Da ya ga ta girme shi, sai ya gaishe ta, ya zauna a gefen tabarma.

Tani ta ce, "Sai shekaranjiya na san abin da ya faru, Malam. Yaron nan ya ɓoye mini. Fitowa na yi na tarar da shi tsugune gaban turmi, ya ɗora masa hular ubansa, yana cewa, 'Barka da hutawa, Baba.' Na ce, shi ke nan, aljanun teku sun biyo mu Kaduna."

Yalwa ta toshe baki. Gemun Malam Gambo ya ɗan motsa.

Tani ta miƙa masa ƙaramin kofi. "A goye aka fita da ni daga Katsina. Muka yi noman auduga a hanya, muka yi dako, har muka kai Sawakin. Garin nan, Malam, da duwatsun cikin teku aka gina shi, fari fat, amma mun same shi yana rushewa, don jirage sun koma Bur Sudan. Iyayena suka ce sai an tara na jirgi a haye Jidda. Ana tarawa ana ci, har ƙasa ta rufe su. Maƙwabtanmu Hadandawa ne, masu raƙuma da tulin gashi, da Larabawa masunta. Su suka yi wa ubana sutura. Su kuma suka koya wa 'ya'yanmu gaisuwa: ka dafa kafaɗar wanda kake ƙauna, sannan ka ba shi hannu."

Ta juya jabana a kan garwashi.

"Uban Inuwa ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Kafaɗarsa duk kanta ce. In ya dawo da yamma, yaron nan zai taka kujera ya dafa wurin, ya ce, 'Sannu, Baba.' Tun da muka binne shi ban ga ya dafa kafaɗar kowa ba, don a nan ya lura ba a yi. Ranar da ya zo gare ka, zuciya ce ta riga hankali."

Malam Gambo ya dubi kofin hannunsa.

"A can Takari suke ce mana, wato baƙi daga yamma. Mun zo gida, an ce mana 'yan Sudan. Ni na saba, na tsufa. Yaron nake ji wa tsoro."

Hasiya tana jin hawaye na sauka a kan hannunta, ba ta share ba.

"Ƙara mini gahawar nan, Iya," in ji Malam Gambo a hankali. Da ya shanye sai ya ɗaga murya kaɗan. "Ke Hasiya, na san kina bayan ƙyauren nan. Wata da watanni ba ki ce mini uffan ba. Da kin yi rashin kunya, da na sami abin riƙewa." Ya juya wajen Tani. "A ce masa ya zo ranar Juma'a. In ba shi da waliyyi, limamin Rafin Guza ya isa."

Ranar Juma'a bayan la'asar Hasiya ta leƙa ta kafar zana. Inuwa ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya zo ya durƙusa gaban dattawa, har ya kusa kifewa.

"Turmi ya iya koyarwa," in ji Malam Gambo. Dattawan ba su gane ba, amma Inuwa ya sunkuyar da kai. Sai tsohon ya miƙe, ya kamo hannunsa ya tashe shi tsaye, ya sa tafinsa mai kaushin aikin katako ya dafa kafaɗar yaron.

"Haka ake yi a can, ko?"

Inuwa ya gyaɗa kai.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Har yau in Hasiya tana dafa wa baƙi gahawa a jabanar surukarta, takan ce wa 'yammata: ladabi ɗaya ne, rigarsa ce ta bambanta daga gari zuwa gari, don haka a tambayi baƙo kafin a yanke masa hukunci. Wadda kuma ta yi haƙuri da iyayenta ba ta yin asara, don abin da tsiwa ba ta buɗe ba, haƙuri yakan buɗe shi.