Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Da la'asar aka ce mu je. Na rufe shagon atamfa a kasuwar Kejetia, ɗana Rafi'u ya sa ni a tasi zuwa wani asibiti a unguwar Oforikrom. Ni Humu ba mai son asibiti ba ce, amma ƙafafuna sun kumbura, ɗan hawan matakala sai na yi ta haki. Likita ya ce ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai ya ga yadda zuciyata ke tura jini.

Layi ya ja. Kafin a kira sunana rana ta yi ja.

Mai kula da injin 'yar zango ce, unguwarmu ta Hausawa, Basiratu, yarinya mai ladabi. Ta ce injin ƙaton mayen ƙarfe ne, ko allura ba a shiga da ita. Na cire ɗan kunne, na cire zobe. Sai idonta ya sauka kan idon sawuna.

"Mma, wannan ma."

"Wanne? Ke, raba kanki!"

Ni 'yar wabi ce. 'Ya'ya huɗu uwata ta binne kafin ni, duk a cikin zanin goyo. Da aka haife ni kakata ta sa maƙeri ya ɗaura mini munduwar ƙarfe a ƙafa, don masu kiran yara zuwa lahira ba sa kusantar ƙarfe. Ko da nake girma ana canza ta, sai an damƙa mini wuƙa a hannu kafin a buɗe tsohuwar. Tun da nake, ƙarfe bai taɓa barin jikina ba.

Rafi'u ya ce, "Haba Mma, a wannan zamani? Zuciyarki fa ake magana."

Kunya ta kama ni a gaban yarinya. Na miƙa ƙafa, ya buɗe munduwar da filaya ya sa a aljihu. Daidai nan aka kira magariba a wani masallaci can nesa.

Ɗakin sanyi ƙalau, ga warin maganin wanke ciwo. Basiratu ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta ce da su injin zai bi bugun zuciyata, ya ɗauki hoto a kowane bugu, a haɗa su ya zama kamar fim. Ta sa mini abin ji a kunne, ta ba ni ƙwallon roba.

"Zan ce ki ja numfashi, ki fitar, ki riƙe. Kar ki shaƙa sai na ce. In kin ji ba daɗi, matsa wannan."

Gadon ya shige da ni cikin rami. Rufin na dab da hancina. Ƙofa ta rufe.

Injin na ta fus, fus, kamar mai barci. Sai murya ta zo.

"Ja numfashi."

Na ja.

"Fitar. Riƙe."

Na riƙe. Ƙirjina fanko. Ina jiran a ce in shaƙa.

Shiru.

Warin magani ya ɗauke. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, man kaɗanya da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙamshin jariri.

Na ce a raina, Basiratu, ke fa? Na buɗe baki in shaƙa. Iska ta ƙi shiga.

"Riƙe," in ji muryar. Yanzu ta ƙanƙance. Ba ɗaya ba ce ma.

Na nemi matsa ƙwallon. Wani ɗan hannu mai sanyi ya kama babban yatsana. Wani ya kama idon sawuna, daidai inda fata ta yi fari.

"Ƙanwa," suka ce a hankali. "Kin daɗe."

Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Na kai tsakiya, ta ɓace mini.

Bugun zuciyata na ji a kunne. Dum. Dum.

Dum.

"Riƙe, ƙanwa. Saura kaɗan."

Wallahi abin da ya fi ba ni tsoro, daɗi na fara ji. Ƙirjin ya daina ciwo. Na ji kamar in bi su.

Sai ƙofa ta bugu. Gadon ya fizgo waje, Basiratu na ihu, "Mma! Mma!" Ta ja ni ƙasa, ta jawo ni har bakin ƙofa kamar buhun masara. Rafi'u ya faɗo a kaina yana salati, ya tura mini munduwar cikin tafin hannu.

Iska ta shige ni da ƙarfi har na yi tari.

Da na samu baki na juya kan yarinyar. "Ke wace irin muguwa ce? Ki ce in riƙe ki tafi ki bar ni?"

Hawaye ya cika idonta. "Mma, ban ce komai ba tukuna. Ina daidaita wayoyin ne na ga bugunki na sauka."

Rafi'u bai sake cewa zamani ba. Shi da kansa ya kai ni wurin Issifu maƙeri washegari aka mayar da munduwa, har da ƙara ta biyu.

Amma hoto ko ɗaya ba a samu ba. Likita ya duba ni da wasu na'urori, ya ce ba su nuna abin da yake nema ba, kuma zuciyar ba za ta jira ni in gama tsoro ba. Yanzu kumburin ya kai gwiwa. A zaune nake barci. Jiya Rafi'u ya durƙusa gabana yana kuka, ƙaton namiji mai 'ya'ya, yana cewa in taimake shi in koma cikin injin.

Na ce to. An sa mana Laraba da hantsi, malam zai zo ya zauna a bakin ƙofa yana karatu. Rafi'u ya ce ai da rana ba abin da zai faru. Na gyaɗa masa kai don ya samu ya ci abinci.

Ni dai na kira ƙanwata na nuna mata inda likkafanina yake.