Makullin Shago na Huɗu

An yi wani mai walda da ake kira Tartsatsi. Ba wutar aikinsa kaɗai ta jawo masa sunan ba, har da bakinsa. Kalma ɗaya za ka faɗa masa ya watso maka goma, kowace da zafinta. Amma hannu kam Allah ya ba shi. In ya haɗa ƙofar ƙarfe, da yatsa ɗaya za ka tura ta, ta tafi shiru kamar ba ƙarfe ba. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi: injin walda ɗaya, ma'aikata huɗu, da wata mage mai ido ɗaya da ke kwanciya daidai inda wuta ke zuba, ba a kuma taɓa ganin gashinta ya ƙone ba.

Shekara goma sha ɗaya yana rumfar nan, rumfar ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. Wannan abu shi ke cin sa.

Tsohon ubangidansa da ya koya masa sana'a, wanda kowa ke kira Baba, yana da shaguna shida. Duk ƙarshen wata manyan 'yan kasuwar layin kan taru a kan benci a bayan shagon Baba, matasa su zo su yi tambaya. Ran nan Tartsatsi ya je, bai ko gama gaisuwa ba ya ce a gaya masa asirin da ake ɓoye wa irinsu.

Baba ya dube shi ta saman tabarau, ya ce ba wani asiri. Duk wanda makullin shagonsa ke kwana a aljihunsa kullum, shago ɗaya zai mutu da shi. Sai ka raini mutum, ka koya masa har ya fi ka, sannan ka ciro makulli ka danƙa masa. Hajiya mai siminti, wadda ta fara da buhu biyar a kan baro, ta karɓe zancen. Ta ce ba da makullin ma shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ka tsaya a bayan wanda ka ba wa. Ran da ya ɓata aiki, kai za ka fito gaban mai kaya ka ce laifinka ne. Ta ce ita sai da ta yi shekara tara kafin ta sami mutum na farko.

"Shekara tara," in ji Tartsatsi. "Hajiya, kun ci kun ƙoshi, sai ku zauna a inuwa kuna raba wa mayunwata nasiha."

"Zauna, ɗan nan, ba a gama ba," in ji Baba.

Bai zauna ba. Ya kaɗe rigarsa ya tafi, har yana ture benci da ƙafa.

Wani dillalin tsofaffin ƙarafa ne ya nuna masa hanyar wani boka. A can ƙarshen filin da ake jibge matattun motoci akwai wata tsohuwar bas, ba taya, ba gilashi, an toshe tagoginta da baƙin buhu. Da tsakar rana ya isa, rana na dukan ƙarfe har iska na rawa, amma da ya sa ƙafa a matakalar sai sanyi ya kama shi tun daga tafin ƙafa. An cire kujerun duka. Daga rufin, makullai ne ke reto a jikin jan zare, ɗaruruwa, manya da ƙanana, wasu sun yi tsatsa, wasu sababbi fil. Ba iska a ciki, amma suna motsi suna taɓa juna a hankali. A wurin zaman direba an kafa wata ƙofa ta ƙarfe, gajera, iya gwiwa, ba bango a damanta ba bango a hagunta. Ƙasanta ya yi baƙi da busasshen jini da gashin kaji. Tartsatsi mai ƙofa ne, don haka abin da ya fara lura da shi shi ne ƙofar ba ta da mariƙi ta waje. Ta ciki ake buɗe ta.

Bokan ɗan ƙaramin mutum ne mai tsafta, yana zaune yana yanke farce. Bai ɗago ba.

"Shago nawa kake so?"

"Fiye da na Baba."

"Me ka kawo?"

Tartsatsi ya ce kuɗi, ko rago, ko sa, duk abin da aka yanka masa zai nemo. Bokan ya yi 'yar dariya ya ce mai ƙofar nan ba ya cin nama. Ya tambaye shi ko yana da mutane. Ya ce yana da su. Ya tambaye shi ko akwai waɗanda ya yarda da su har zuciya. Tartsatsi ya ce akwai, ba su da yawa.

"Sun isa," in ji bokan.

Ya jawo wata ƙwarya, ya tsiyayo baƙin mai a 'yar kwalba, ya ɗora ta a gaban gajeriyar ƙofar, ya ƙwanƙwasa sau uku. Makullan rufin suka tsaya cak. Can sai aka ƙwanƙwasa sau ɗaya daga ciki.

Bokan ya miƙo kwalbar. Ya ce duk sabon shagon da ya buɗe, ya shafa wa makullin man nan, ya danƙa shi da hannunsa ga wanda ya fi yarda da shi, kafin kwana bakwai.

Tartsatsi ya fashe da dariya. "Ai abin da tsofaffin can suka ce ke nan. A kan wannan na sha rana?"

"Su sun ce ka ba shi ka tsaya a bayansa. Ni na ce ka ba shi ka juya baya. Kome ya faru, kada bakinka ya ce laifinka ne. Ran da ka faɗa, ran nan arzikin ya ƙare."

"In makullin ya wuce kwana bakwai a hannuna fa?"

"To kai ne mai riƙe da shi."

Mutum mai hankali a nan zai tambaya, me ke samun mai riƙe da shi? Tartsatsi bai tambaya ba. Kada kuma wani ya ce mantuwa ya yi. Ya ji tambayar ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta, don ya san in ya ji amsar ba zai iya ɗaukar kwalbar ba, shi kuwa kwalbar yake so.

Kafin wata biyu aiki ya rufe shi. Masu gina rukunin gidaje suka zo da kansu suna neman ƙofofi da tagogi. Ya kama shago na biyu, ya shafa mai, ya kira Dogo, babban ma'aikacinsa, wanda suka fara tare tun suna haɗa kuɗin abincin rana. Dogo ya karɓi makullin da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Maigida, ba zan ba ka kunya ba." Tartsatsi ya juya baya.

Wata bakwai shagon Dogo na zubo arziki. Tartsatsi ya sayi mota, ya tashi daga gidan haya, matarsa ta daina ɗinkin da take yi a tsakar gida. Sai wata safiya wata babbar ƙofar gareji da aka jingine, wadda mutum shida suka ɗaure da sarƙa, ta kwanto a kan Dogo. Waɗanda suka gani sun ce ba faɗuwa ta yi ba, buɗewa ta yi, a hankali, kamar an turo ta daga baya. Da matar Dogo ta zo da 'ya'yanta uku, Tartsatsi ya ce mata mijinta ne bai iya ɗaurin sarƙa ba. A gaban marayun ya faɗa.

Shago na uku ya ba ƙaninsa, Auta, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Baba ya aiko a gaya masa yaron bai nuna ba tukuna, a bar shi ya ƙara shekara biyu a ƙarƙashin wani. Tartsatsi ya ce a gaya wa tsoho ya ji da shagunansa shida, yana nan tafe zai wuce shi.

Na huɗu ba shago ba ne, masana'anta ce, mai injuna goma sha biyu da ofis a sama. Ranar da aka gama ta, da hantsi, ya shafa wa makullin mai ya sa a aljihu. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka kira shi a waya, aka ce ya zo, Auta ya kori ma'aikata ya liƙe kansa a cikin shago.

Da walda ya liƙe ƙofar ta ciki, tun daga sama har ƙasa. Sai da aka yanka ta da inji. Suka same shi tsugune a tsakiyar shagon, ba tabarau na walda, idanunsa sun ƙone sun yi jajir, yana murmushi.

"Yaya, kai ne?" in ji shi. "Na rufe, amma ta ciki yake buɗewa. Ya ce in tambaye ka, saura wa?"

A nan Tartsatsi ya ji makullin aljihunsa ya yi sanyi kamar ƙanƙara.

Ya koma bas ɗin a guje. Ya yi zagi, ya yi barazana, daga baya ya durƙusa. Ya ce zai ba wani baƙo makullin, ko mahaukacin bakin kasuwa. Bokan ya ce makullin ba ya kama hannun wanda ba a yarda da shi ba. Tartsatsi ya ce to a karɓi shagunan duka. Bokan ya ce shi ba ya walda. Sannan ya ɗago ya dube shi, karo na farko.

"Ka ce ba su da yawa. Ka ƙirga mana, saura nawa?"

Saura ɗaya. 'Yarsa ta fari, mai sunan mahaifiyarsa, wadda yake kira Mamana. Ta gama karatun kasuwanci, ita ke zama a ofis, ita kaɗai ke iya ce masa ya yi shiru ya yi.

Ya jefa makullin a rijiya, ya same shi a aljihu. Ya sa masa wutar walda, ƙarfen teburin ya narke, makullin ko ɗumi bai yi ba. A kwana na shida ya tafi wurin Baba, ya zube a ƙasa ya faɗi komai. Tsohon ya jawo sandarsa.

"Dogo," in ji Baba. "Yaron da ke ɗauke maka ƙarfe in bayanka ya riƙe. Tashi daga gabana, kada in sa maka sandar nan." Da Tartsatsi ya kai ƙofa sai Baba ya kira shi. "Bokan da kansa ya gaya maka mafita, kai ne ba ka so. Tara mutanenka gobe, ka tsaya a gabansu ka ce laifinka ne. Dukiyar ta tafi. In abin zai ci wani, ya ci ka. Shugabancin ke nan, ba wani abu ba. Shi muka gaya maka a kan benci ka ture shi da ƙafa."

Washegari da safe ya tara su a sabuwar masana'antar, mutum fiye da arba'in, da matarsa, da matar Dogo da ya aika aka ɗauko. Ya hau kan wani teburin ƙarfe, makullin a hannunsa. Ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka a kan injunan nan goma sha biyu, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba. Ya tuna rumfar kwano. Ya tuna bencin, da yadda za a ce ga shi nan, ya dawo.

Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, sakaci ya yi yawa a kamfanin nan, daga yau duk wanda ya yi wasa da aiki irin na Dogo da Auta, shi ya sani.

Ya sauko daga teburin. 'Yarsa ta matso, ta kama masa hannu.

"Baba, hannunka rawa yake yi. Kawo in riƙe maka."

Ba ƙwacewa ta yi ba. Wannan a riƙe shi da kyau, don daga baya ya so a ce ƙwacewa ta yi. Hannu ta shimfiɗa kawai, tana dubansa da idon da take dubansa tun tana rarrafe. Yatsunsa biyar a dunƙule suke. Shi ya buɗe su, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya baya.

Hannun yarinyar ya rufe a kan makullin, bai sake buɗuwa ba. Likitoci sun yi iya yinsu. Ta daina magana, ta daina ci, sai dai ta zauna tana kallon ƙofar ɗaki tana gyaɗa kai kamar ana yi mata bayani. Kwana goma sha tara ta yi. Da hannun a dunƙule aka binne ta.

A wurin zaman makoki ya miƙe tsaye ya ce laifinsa ne. Ya faɗa da ƙarfi, ya maimaita. Matarsa ta dube shi ta ce, "Yanzu?" Iyakar abin da ta ce masa ke nan har ta bar gidan.

Bokan bai yi ƙarya ba, ran nan arzikin ya ƙare. Ƙofofin da ya sayar suka fara tsagewa a wurin haɗi, gida bayan gida, masu kaya suka yi masa ca. Ma'aikata suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ajiye makullansu a ƙasa a bakin ƙofarsa, ba wanda ya yarda ya miƙa masa hannu da hannu. Hajiya mai siminti ta ɗauki 'ya'yan Dogo. Baba ya ɗauki Auta, wanda ke zaune har yau a bayan shago, makaho, ba ya yarda a rufe ƙofa in yana ciki.

Tartsatsi kuwa yana nan yana yawo a layin, da tarin makullai a wuya a jikin jan zare. Duk wanda ya tare sai ya ce masa laifinsa ne. Maganar da a ranar da take da amfani za ta fanshi rai, yanzu yana raba ta kyauta, ba mai tsayawa ya karɓa. Magen nan mai ido ɗaya ce kaɗai ke bin sa, ita ma daga nesa.

Kai mai shago ɗaya da ke ƙuna don na wani shida ne, dubi mutanen da ke tsaye a rumfarka. Ba itacen hura wutarka ba ne. In an ce maka girma sai da shekaru, ka zauna a bencin ka ji sauran maganar. In kuwa wani ya ce zai ba ka shi cikin wata biyu, tambaye shi wa zai biya, ka kuma tsaya har ka ji amsar.