Muryar Nerina a Labari na Uku

Ana kaɗa ƙararrawar coci da yamma Ottavio mai haɗa sautin fim ya sauka daga bas, da makullin ɗakin sauti a aljihu. Wani ɗan aiki ne darakta Ermete ya ba shi: ya duba labari na uku na fim ɗinsu, don gobe sabuwar mai murya za ta zo.

A Roma lokacin ba a ɗaukar magana a wurin wasa. 'Yan wasa su yi ta motsa baki, daga baya masu murya su zo su cika. Matarsa Nerina ta shekara goma sha tara tana ara wa kyawawan mata murya, ba wanda ya san fuskarta. Wannan fim ɗin tsoro ne mai labari uku, 'yar wasa ɗaya a dukansu. Nerina ta gama biyu, ciwon ƙirji ya ɗauke ta.

"Dole a sake duka," in ji Ermete. "Mace ɗaya da murya biyu? 'Yan kallo ba jakuna ba ne. Ɗauki faifan muryarta ka kai gida, ɗan'uwa, naka ne."

Faifan nan kaɗai ya rage masa na tunawa da ita. Ko hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, wai hancinta kamar dankali.

Ɗakin na warin taba da kofin da ya kwana. Ya ɗora faifanta a kan na'ura, don dai ta taya shi zama, bai kunna ba. Ya kunna majigi. Ga tsohon gidan dutse, haske ja da kore. Mace cikin baƙaƙen kaya tana saukowa daga bene da kyandir, wani mutum a ƙasa ya ba da baya. Babu sauti, sai kar-kar-kar ɗin majigi.

Matar cikin fim ɗin ta buɗe baki.

"Tavio."

Mutum ɗaya ke kiransa haka a duniya.

"Ka rame. Ba ka cin abinci ko?"

Kowace kalma ta zauna daram a leɓen matar. Aikin Nerina ne, ba ta kuskure.

"Nerina," ya ce a hankali, "ke ce?"

"Da wa, sarkin tambaya? Yi sauri, fim na ƙarewa. Mutumin can ba shi da murya. Zo ka ba shi."

Ya tashi ya tsaya gaban makirufo. Sanyi ya ratsa shi. Ƙamshin sabulunta na lemo ya cika ɗakin, hawaye suka zubo masa.

"Ga ni," ya ce.

Ba daga bakinsa maganar ta fito ba. Daga lasifika ta fito.

Mutumin cikin fim ya fara juyowa. Kunnensa da tsaga, irin ta Ottavio.

Ottavio ya ɗaga hannu, ya ga hasken majigi na ratsa tafinsa.

"Saura kaɗan. Sake faɗa."

Allah ya sani ya so ya faɗa. Amma 'yarsu Delfina na gidan maƙwabta tana jiransa, ta ce ba za ta ci taliya ba sai ya dawo.

Ya fizge wayar majigi. Hoton bai ɗauke ba.

Faifanta ne ke juyawa da kansa.

Maɓalli ɗaya ya rage, jan nan mai goge faifai.

Ya danna. Ya riƙe.

"Haba Tavio, ni ce fa..."

Bai saki ba. Yana kuka yana dannawa, har faifan ya ƙare, bakinsa na dukan ƙarfe, fat, fat, fat.

Washegari sabuwar mai murya ta zo. A labari biyu na farko muryarta ta ɗauku lafiya. Na uku kuwa sau bakwai ana ɗauka, faifai na fitowa wayam. Ermete ya gaji, ya saki fim ɗin haka, mace na saukowa daga bene tana magana ba a ji.

Wurin nan ne ya hana mutane barci. Masu shirya fim daga ƙasashe suka yi ta kwaikwayonsa. Har Ottavio ya tsufa suna zuwa gidansa suna cewa, "Maigida, wa ya ba ka dabarar yi mata shiru?"

Sai Delfina ta kawo musu kofi, ta raka su ƙofa. Ita ma sau ɗaya ta taɓa tambayarsa, tana ƙarama: "Baba, yaya muryar Mama take?"

Ya buɗe baki zai kwatanta mata, ya tarar ko a cikin kansa babu muryar.