Wanda Ya Riƙe Igiya Daga Baya

A masaukin masu hawan dutsen Ortler Corrado ya fara ganin Burgi, tana raba miyar sha'ir. Ina wurin. Ni Valentin, da ƙanƙara ta binne ni na tone kaina na fito, babu abin da ke wuce idona.

"Miyar nan ta yi gishiri," ya ce da gurgun Jamusancinsa, don shi ne harshen ƙauyenmu.

"To koma Bolzano uwarka ta dafa maka," ta mayar masa da Italiyanci tsaf.

Kafin kaka, ita ce "Tauraruwata", shi ne "Ɗan gishirina".

Ubanta Serafin, jagoran masu hawa, ya daki teburi. "Ɗan Italiya? Ga Kassian ɗan ƙauyenmu yana jira!"

"Baba, ai sai ka auri Kassian ɗin da kanka!"

Na ce, "Serafin, kai jaki ne. Ni na koya maka ɗaurin igiya, ban koya maka wannan shirmen ba."

Sai Serafin ya ce Corrado ya bi shi har ƙololuwar dutsen, in ya isa. So yake ya kunyata shi.

Burgi ta tura saƙo: "Ɗan gishirina, kada ka je. In ka faɗo, na rantse ba zan yafe maka ba."

"Tauraruwata, in ban je ba, har abada baƙo nake a gidanku."

Ni da ita muka tsaya da madubin hangen nesa, tana zagin su biyun. Serafin na gaba, yana fizgar yaron kamar akuya da igiyar da ta haɗa su. Don tsabar fushi bai duba gabansa ba, ƙanƙara ta burma da shi cikin rami. Corrado ya zube, ya kafa gatarinsa na hawa a ƙanƙara, igiya na yanka masa tafin hannu. Bai saki ba har tsohon ya rarrafo waje.

A wurinmu, wajen saukowa gwani ne ke baya, don ran na gaba yana hannunsa. Serafin bai taɓa barin kowa ya tsaya masa a baya ba, ko ni da na fi shi.

Da suka fara saukowa, Burgi ta fizge madubin. "Kawu, wa ke baya?"

"Duba da kanki."

Ubanta ne a gaba. Ta zauna daɓas tana kuka, ba ta daina zagi ba.

A cocin ƙauyenmu Sulden aka ɗaura auren, da harshe biyu. Serafin ya zunɓuro baki ya ce har yanzu Jamusancin ango ba ya jiyuwa.

Allah ya bar su a igiya ɗaya, ya ba su 'ya'ya masu ƙarfi irina.